Akwatin da Ke Numfashi

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, domin ni ne ɗanta na fari. Idan tana da magana da ni, sai ta fuskanci ƙanwata, ko bangon ɗaki, ko tukunyar da ke kan murhu, ta faɗi abin da ke ranta, ni kuma in tsinci nawa daga gefe. Ta haka na ji, a farkon daminar 2024, cewa ta sayar da tumakinta biyu da ragon da ta shekara tana kiwo a turke. Tana tsintar shinkafa a faifai ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ma wancan ya zo ya ɗauki kuɗɗin akwatin da ya ishe mu da zancenai, mu huta." Ina tsaye taku uku daga inda take zaune.

A lokacin na riga na kammala digiri a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, karatun da dogayen yajin aiki na 2020 da 2022 suka ja wa tsawo. Na yi bautar ƙasa a wata makarantar sakandare a kudu maso yamma, inda wani abokin hidima, Bakano, ya koya mini haɗa bidiyo da zana katin gayyata a kwamfutarsa. Daga alawus ɗin naira 33,000 da ake ba mu duk wata nake ɓoye abin da ya samu. Na dawo Dingyadi da takardun shaida biyu da tarin wasiƙun neman aiki da ba a amsa ko ɗaya ba. Wanda bai taɓa wuni a gindin dogonyaro da digiri a aljihu ba, yana ɗaga wa tsaransa hannu suna wucewa a kan babur da buhunan albasa, ba zai san nauyin kalmar "ɗan boko" ba idan aka faɗe ta a hankali, ana murmushi.

Na haɗa ajiyata da kuɗin Inna na shiga Sakkwato, na sayo kwamfutar tebur ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su ta Legas bayan sun gama wa wani ofis aiki a ƙasar waje, mu kuwa mu kira su 'yan Beljiyam ko daga ina suka fito. Kusan rabin kuɗin ya tafi ne a kan wani ɗan allo da bai wuce tsawon tafin hannu ba, wanda ake sokawa a cikin akwatin. Katin hoto ke nan, masu gyara na ce masa girafik. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta asali tana da ma'aikata 'yan kaɗan masu iya lissafi mai wuya. Shi kuwa katin ɗaruruwan ƙananan ma'aikata gare shi, kowane da ɗan guntun lissafinsa mai sauƙi, duk suna yi a lokaci guda kamar gayya a gona, kuma irin wannan aiki ne launi da motsin hoto suke bukata. Nawa yana jan wuta wat 75 idan aiki ya yi tsanani, kuma duk wutar da ya ja zafi take komawa. Don haka aka ɗora masa wani ƙarfen alminiyom mai siraran haƙora kamar mataji, da 'yar fanka da ke tura iska ta tsakaninsu tana kwashe zafin. Wannan duka daga baya na karance shi. Ranar da na sayo, iyakar abin da na sani shi ne ragon Inna yana cikin allon nan.

Na kama ɗan shago a bakin hanya, na ajiye akwatin a ƙasa, ƙarƙashin tebur, dab da ƙofa, wai don ya sha iska. Damina ta rufa mini asiri. Ƙasa a jiƙe, iska a wanke, na'ura na aiki shiru kamar ba ta nan. Katin biki, kalandar ango da amarya, cike takardun jarrabawa ga ɗalibai, bidiyon walimar sauka, a hankali na fara shigowa gida da cefane ranar kasuwa. Inna ba ta ce komai ba, amma tuwona ya ƙaru da malmala guda.

Sai iska ta juya. Duk ɗan ƙasar Sakkwato ya san safiyar da zai farka ya ji hancinsa ya bushe, ya san ɗari ya kama hanya. Kafin Disamba ta raba, hazo ya sauka sosai. Rana ta koma kamar farar tasa da aka rataye a sama, mutum na iya kallonta ido cikin ido. Leɓɓa suka tsage, diddige ya yi kaushi, giginyar da ke bayan gari ta ɓace daga gani, wasu ranakun ma a ji an ce jirgi ya kasa sauka a filin jirgin Sakkwato. Kowace safiya nakan ɗauki tsumma in goge gilashin kwamfutar da tebur da madannan rubutu, wato duk inda idon mai kawo aiki zai sauka. Madannan nan ba su da ƙa mai lanƙwasa, saboda haka ranar da na rubuta wa abokina Bakano cewa "kura ta dame mu a shago", ya maido mini da tambayar ko ta ci awaki nawa. Muka yi dariya. A daidai wannan lokaci muryar akwatin ta fara sauyawa, daga raɗa zuwa gurnani, har ta kai idan ina haɗa bidiyo sai ka ce injin markaɗe ne a nesa. Na ɗauka alamar ƙwazo ce.

A watan Sha'aban, wato Fabrairun 2025, lokacin da ake rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, maƙwabcinmu ya aurar da 'yarsa ga wani saurayi ɗan Shagari. Aka ba ni aikin bidiyo, aka biya rabin kuɗi, na yi hayar kyamara. A wajen ɗaurin auren kakan ango, wani dattijo da ake riƙe wa hannu, ya nemi a ba shi makirufo. Ya yi magana ta kamar minti huɗu, ya yi wa yaran nasiha, ya sa musu albarka, ya kira sunayen iyayensa da na matarsa ya yi musu addu'a. Kwana tara bayan haka ya rasu. Matar tasa, da yake mata ba sa zuwa wajen ɗaurin aure, ba ta ji abin da ya faɗa ba, labari kawai aka ba ta. Tana cikin takaba ta aiko a tambaye ni ko muryar malam ta fito.

Ta fito, amma a nutse cikin hurawar iska da ƙarar janareta. Na kwana biyu ina tace ta, ina rage hayaniya, ina yanke duk abin da na ga ya ɓata tsabtar maganar. Da na gama tsara bidiyon, awa ɗaya da rabi, na danna a fitar da shi. Ya kai kashi 38 cikin ɗari, fanka ta yi kururuwa, gilashi ya yi baƙi, akwatin ya mutu. Na sake, ya mutu a kashi 31. Cikin kwana uku na gwada sau biyar, kowane gwaji da man fetur ɗinsa, a lokacin da lita ta kai naira dubu. A rana ta uku ko minti goma ba ya yi da buɗe aikin sai ya ɗauke. Da na so, tun ranar farko zan iya tura musu ɗanyen mintunan nan huɗu yadda suke. Girman kai ya hana ni. Ina so a ce aikin ɗan jami'a daban ne.

Likitoci suka yi yawa a majalisa. Wani ya ce cutar kwamfuta ce, wani ya ce janareta ne ke aiko da gurɓatacciyar wuta, gwaggona ta ce bakin mutane ne, tun ranar da na sayi sabon takalmi ta san za a yi haka. Na buga wa wani mai gyara waya a birni, ya saurari bayanina bai kai minti ɗaya ba ya ce katin ya ƙone, in zo da kuɗin wani. Kuɗin da ya ambata ya fi na rago. Da magariba na rufe shago, na ɗauko akwatin a ka zuwa gida, da niyyar in yi sammakon kai shi Sakkwato, ko da yake ban san da me zan biya ba.

Na ajiye shi a tsakar gida kusa da randa na zauna na yi tagumi. Inna ta fito da fitila za ta duba kaji. Ta tsaya a kan akwatin, ta sunkuya, ta shafa ɗan yatsa a kan ƙananan ramukan da ke gabansa, ta kai yatsan gaban fitila. Sannan ta juya ga ƙanwata.

"Wanga abu hanci garai," in ji ta, "kuma hancin ya toshe. Ko jaki anka toshe ma hanci, ba ya kai kaya kasuwa. Yaushe rabon da a share cikinai?"

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Shekara shida ina zarya a jami'a, ga wadda ba ta taɓa danna kwamfuta ba tana kwatanta mini jarina da jaki. Amma da gari ya waye na ari sukurudireba, na kwance noti biyu, na zare murfin gefe.

A ƙasan akwatin akwai jan rairayi mai kauri, ƙurar hanyarmu ce wadda babura da garken awaki ke tayarwa, na san ta ta san ni. A kan fankoki da haƙoran ƙarfen kuwa wata iri ce daban, fara-fara, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe sau biyu, ta haɗu da zaren tufafi ta dunƙule ta zama bargo. Na tsaya ina kallonta, sai kunya ta kama ni, domin na taɓa rubuta shafi huɗu a kanta a jarrabawar aji uku, na kuma ci maki mai kyau. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda dubban shekaru da suka wuce ƙasan wani makeken tafki ne, kakan Tafkin Chadi na yau. Da ruwan ya janye, ya bar farar ƙasa mai rauni wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. A lokacin ɗari iskar arewa maso gabas takan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar daga bakin zugazugi, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele tayar da ƙura, kuma kaso mai yawa na hazon da ke rufe arewacin Nijeriya daga wannan yanki yake tasowa. Wani ɓangarensa yakan ƙetare Tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon, ya zama taki ga itatuwan can. Duk na haddace wannan, har da zanen kibiyoyi a kan taswira. Abin da bai taɓa zo mini a rai ba shi ne ɗaya daga cikin kibiyoyin nan tana ƙarewa a ƙarƙashin teburina, inda fankoki uku suka yi wata uku suna zuƙar ta daga safe zuwa dare.

Da na tsaya a nan na yi tunani, da labarin ya zo da sauƙi. Gaggawa ta sa na ɗora akwatin a babur na nufi wajen mai faci. Mutumin ya dubi cikin na'urar ya dube ni, ya ce bai taɓa yi wa irin wannan iska ba. Na ce ya yi kawai. Ya saki iska, ƙura ta turnuƙe mu, yara suka taru suna shewa. Da tiyon ya kai kan katin, 'yar fankar ta fara juyawa tana fito kamar sarewa. Ya ce, "Malam, in rage?" Na ce ya ƙara. Sai muka ji ƙas. Reshe ɗaya na fankar ya karye ya yi tsalle cikin yashi, kuma a kan koren allon na ga ɗige-ɗigen ruwa, domin tankin injin faci yakan tara laima ya feso ta tare da iska. Na biya shi kuɗinsa, don laifin ba nasa ba ne. A hanyar dawowa ban gaida kowa ba.

Na bar akwatin a buɗe a ɗaka kwana ɗaya don ya bushe, na yi amfani da wunin wajen karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Fanka ba a barinta ta juya idan ana hura mata iska, riƙe ta ake yi da yatsa, don gudun da ya wuce wanda aka ƙera ta dominsa yana cinye gindinta. Washegari na shiga birni na sayo tsohuwar fankar akwati da ɗan sirinjin farin man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar kati da ƙarfensa, na biya kemis na karɓi sifirit. Dukansu ba su kai kuɗin kaza biyu ba.

Aikin na gaskiya a tsakar gida aka yi shi, a kan tabarmar kaba, da hantsi. Na cire takalmi, kuma kafin in taɓa kowane allo sai na dafa ƙarfen akwatin. Wanda ya taɓa jan bargo cikin duhu a lokacin ɗari ya ga yana tartsatsi ya san dalili: busasshiyar iska tana tara wa jiki wata 'yar wuta, wadda a yatsa tsikari kawai take yi, amma tana iya kashe ƙananan sassan na'ura. Ƙaramin akwatin da ke rarraba wuta ban buɗe shi ba, domin yana riƙe caji ko an zare waya, daga waje na hura masa. Na kwance notin katin, na danna 'yar maƙalar da ke riƙe shi, na zaro shi. Da na cire karyayyar fankar da murfinta sai ga ainihin cutar. Duk ƙarfin injin mai faci bai taɓa ta ba, ƙara cusa ta ma ya yi. Ƙurar ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen ta daskare, na riƙa zaro ta da tsinken sakace tana fitowa sala-sala kamar auduga. Ƙanena na buga famfon kekensa, ni ina bi da burushin fenti mai laushi. Inda burushin ya kasa shiga, sai na ga an ajiye gashin zabuwa guda uku a gefen tabarma, ban ga lokacin da aka ajiye ba. Da su na share lungunan ƙarfen.

A ƙarƙashin ƙarfen, tsohon man ya bushe ya farfashe kamar kunun da ya kwana a ƙwarya. Amfaninsa shi ne cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani a tsakanin fuskokin biyu, don zafi ya sami hanyar ƙetarewa, kuma idan ya bushe hanyar ta yanke. Na goge shi da sifirit, na ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa, na mayar da notuna huɗu ina ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan mai fuskantarta. Sabuwar fankar ta fi gurbin girma, sai na ɗaure ta a kan ƙarfen da igiyar roba irin ta masu haɗa waya. Ba kyan gani, amma tana juyawa.

Ina cikin mayar da murfi Inna ta fito da wani abu a hannu. Tsohon gidan sauro ne ta yanka, ta ninka biyu, ta kalmashe bakinsa da zare da allura daidai faɗin ramukan gaban akwatin. Ta rataye shi a igiyar shanya ta ce wa bango, "A ɗaura mai wanga a hanci. Kuma a ɗauke shi daga ƙasa, ba tukunya ba ne."

Tun daga ranar nake kallon gidanmu da wani ido. Babu ƙwaryar da ke kwana babu faifai a bakinta. Jeren kwanukan Inna yana da mayafinsa, kuma duk safiya sai ta bi shi da tsumma ko baƙo zai zo ko ba zai zo ba. Littattafan kakana suna cikin gafaka, gafakar kuma cikin akwati. Dattawan da ke tafiya kasuwar Bodinga a kan jaki suna ja amawali su rufe baki da hanci. Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin cewa ƙura ba ta ƙarewa, kowa da dabarar zama da ita. Akwatina an ƙera shi ne don ɗaki rufaffe mai na'urar sanyaya iska, ni kuma na kawo shi bakin hanya na girke shi a ƙasa kamar turmi. A jami'a an koya mini inda ƙura take fitowa, kuma ban raina wannan ilimi ba, amma ni da kaina na raba shi da tsintsiya, na ɗauka shara aikin mata da yara ce.

Da daddare na ɗora akwatin a kan tebur, nesa da ƙofa, na tayar da janareta. Na saka wata 'yar manhaja mai nuna zafin katin. Irin waɗannan katuna sukan fara rage gudu da kansu idan zafi ya haura digiri 80, idan kuma ya doshi na tafasar ruwa sai su yanke aiki don kada su ƙone. Ashe mutuwar da akwatina ke yi, tsira yake nema. Na danna a fitar da bidiyo, na zuba wa lambar ido. Ta hau 60, ta hau 65, ta tsaya a 68. Da aikin ya wuce kashi 38 na tashi na fita waje, don na kasa zama. Na dawo na tarar da shi a 74. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ya cika.

Na kai aikin Shagari a makare da kwana goma sha biyu, azumi ya riga ya kama. Na bi titin da ya ratsa Bodinga a kan babur, hazo ya fara sakin gari, zafin bazara na leƙowa. Aka sauke ni a zaure. Ango ya karɓi wayata ya shiga da ita ɗakin kakarsa, ni ina zaune a kan buzu ina jiyowa ta katanga. Muryar dattijon ta tashi tsaf, babu iska, babu janareta, kowace kalma a fili. Na ji daɗin aikina. Aka kai ƙarshe, aka yi shiru, aka sake kunnawa. Sau uku ana maimaitawa, ban ji kuka ba, ban ji magana ba.

Can ango ya fito yana sosa ƙeya. Ya ce tsohuwa ta gode, ta sa albarka, amma tana da tambaya. Ta ce malam ba ya minti huɗu yana magana a lokacin ɗari bai yi tari ba, shekara hamsin da wani abu ta san haka. Ina tarin nasa?

Yana nan. Sau biyu ya yi shi, ɗaya bayan ya ambaci mahaifinsa, ɗaya dab da zai kira sunanta, ni kuma na yanke su tare da hayaniyar janareta. Na ce a ba ni kwana ɗaya.

Bayan an sha ruwa na buɗe shago, na nemo ɗanyen ɗaukar, na mayar da tarin biyu a gurabensu, har da ɗan shirun da ya biyo bayan na biyun yana neman numfashi. Na danna a fitar. Ina jira na kai tafin hannuna bayan akwatin, iska mai ɗumi na fitowa a hankali. Gidan sauron Inna, kwana huɗu kacal da ɗaura shi, ya riga ya fara yin ja. Na kwance shi na sa a aljihu don in wanke kafin sahur.